Motar Da Aka Cire Wa Kujerar Baya

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikinki, ya Alhaji da yara, ya zafin Kano? Mu nan Gure lafiya, sai ciki da ya yi nauyi.

Tun ranar da maigidan ya sayo 'yar motar nan hankalina bai kwanta ba. Na ɗauka zai riƙa kai ni lambu da yamma, kamar a littattafan da kike aiko mini. Ashe ta tsere ce, kowace Juma'a shi da abokansa a hanyar Kelle. Yanzu isansi, wato man fetur, ya yi tsada, abokan suna sayar da nasu, amma ya ce ko shi kaɗai ya rage wasan ba zai mutu ba.

Shekaranjiya ya cire kujerar baya, wai don ta ƙara gudu cikin rairayi. Na ce, "In naƙuda ta zo da gardama, ina zan kwanta har asibitin Damagaram?" Ya yi dariya ya ce, "Kafin ki ce wayyo mun isa."

Ki sa ni a addu'a, ki gaida mutan gida. Ranar kasuwa zan hau kamiyo, babbar motar kaya, in tafi wurin Inna, can zan haihu.

Ƙanwarki,
Zara