Faifan da ke Gurbi na Uku

Litinin, 3 ga Yuli, 2023

Masu gaisuwa sun ragu. Yau na share ɗakin Malam, karon farko tun da aka kawo gawarsa daga gona. Komai na ɗaga na mayar, ban da rediyon sidinsa. Mai Biyar yake ce masa, saboda faifai biyar yake ɗauka lokaci guda, in ɗaya ya ƙare ya juya da kansa ya kama na gaba. Da gefen zane na kaɗe masa ƙura.

Laraba, 5 ga Yuli

An kawo wuta da hantsi, na kunna. Na farko karatun Alƙur'ani ne. Da ya ƙare sai wannan ƙarar ta juyi, ƙurrr, ƙat. Da, daga madafi nake jin ta, in san yana gida, ya miƙe ƙafa. Sai da na dafa bango.

Na kashe kafin na biyu ya fara. Ina takaba, ban san abin da ya jera a ciki ba, kada kiɗa ya tashi a ji a waje.

Buɗewa kuwa ba zan yi ba. Tiren da ake jera faya-fayen ya daɗe da ciwo. Malam ya sha cewa, "Kada kowa ya buɗe min, in ya fito ba ya komawa sai da hannuna." Ban taɓa tsayawa na ga yadda yake yi ba. Mai gyaran da ya sani ya koma Kaduna tun bara.

Lahadi, 9 ga Yuli

Ba wuta. Ruwa tun safe. Gero na can a gona yana girma shi kaɗai, ba mai iya leƙa gefen dajin Kamuku yanzu.

Juma'a, 14 ga Yuli

Lydia ta aiko da dafaffen rogo ta kan katanga. Ita ma nata makokin take. Mijinta Isaiah iyakar gona ɗaya suke da Malam, babur ɗaya suka hau ran nan, mota ɗaya ta kwaso su. Ba mu cika magana ba ni da ita. In mun haɗa ido kowa ta san abin da ke cikin 'yar'uwarta, to me za a ce.

Alhamis, 20 ga Yuli

Zazzaɓi na wuni da shi. Na sha magani, na kunna karatun, na kwanta a tabarmarsa, barci ya ɗauke ni. Rediyo bai san ina barci ba. Ya gama na ɗaya, ya gama na biyu, ashe wa'azi ne, ya shiga na uku.

Waƙar coci ce ta tashe ni, ganga da muryoyi da yawa, sai wata muryar namiji mai kauri ta fito ita kaɗai. Kafin in kai ga maɓalli Lydia na tsaye bakin ƙofa, ba ɗankwali, hannunta duk kumfar sabulu.

Ta ce, "Maman Muslimat, kada ki kashe. Baban Rhoda ne."

Sai na tuna. Nasu rediyon ya mutu, Isaiah ya kawo faifan da ƙungiyar mawaƙan cocinsu ta ɗauka wata Kirsimeti. A nan suka zauna suka ji, Malam na ce masa, "Wannan murya taka ko injin niƙa sai ya yi maka ladabi." Shi kuma yana cewa baƙin ciki ne, mai jan salla da muryar zakara. Mako ɗaya kafin 'yan bindiga su harbe su ke nan.

Ta zauna a ƙasa har ya ƙare. Ni na kashe kafin ya juya.

Talata, 1 ga Agusta

Duk ranar da aka kawo wuta Lydia na shigowa. Na koyi danna lamba uku kai tsaye, in rage sauti. Wata maƙwabciya ta ce bai dace ba a gidan takaba. Na ce mata na ji.

Lahadi, 6 ga Agusta

Lydia za ta koma wajen danginta a Kachia, ba za ta iya riƙe yara a nan ba gona. Ran Alhamis ta sama, in sojoji za su raka motoci. Ta roƙi faifan. Ta ce babu wani a ko'ina, wanda ya ɗauka musu ya rasu, sauran sun karce.

Na ce ta ɗauka a waya. Mun gwada, sai ƙarar fanka da kukan akuya, muryarsa can ƙasa kamar daga rijiya.

Na ce mata tiren ba ya komawa. Ta ce, "Na sani, 'yar'uwa. Ban ce dole ba." Ta tafi. Da ta yi min faɗa da ya fi min sauƙi.

Asabar, 12 ga Agusta

Na gaji. Ko tuwo ban tuƙa ba.

Hannun Malam ne ya rufe tiren nan na ƙarshe. In na buɗe ya ƙi komawa, shi ke nan, ba karatu, ba wannan ƙarar. Ita ce kawai ta rage a gidan nan da ke yi kamar yana nan. Hularsa ba ta motsi, takalminsa ba ya motsi.

Amma ni ƙarar roba nake riƙo. Ita muryar mutum sukutum.

'Yata Muslimat ta kira daga Kaduna, ta ce in taho wajenta in na fita takaba. Na ce wa zan bar wa ɗakin.

Laraba, 16 ga Agusta

Wuta ba ta zo ba sai bayan la'asar. Har na ji daɗin rashinta, Allah Ya yafe min, na ce in ba ta zo ba ai ba laifina ba ne. Sai fanka ta fara juyi.

Na leƙa katanga na kira Lydia. Na ce ta bari in ji juyin sau ɗaya. Na danna biyu, ƙurrr, ƙat. Na yi bisimilla na danna na buɗewa.

Tiren ya fito a hankali, yana rawa. Na ɗauko nata na miƙa mata, ta sa shi cikin Littafinta Mai Tsarki ta rungume. Mun gwada mayarwa, na tura, ta ɗaga ta ƙasa, na buga gefe yadda nake jin yana yi. Sai gurnani, ya tsaya. Ta fara ba ni haƙuri, na ce ta je ta ƙarasa ɗaurin kaya.

Alhamis, 17 ga Agusta

Sun tafi da safe. Da yamma ta kira, sun wuce dajin lafiya.

Litinin, 4 ga Satumba

Tiren na nan a buɗe, na lulluɓe shi da tsohon ɗankwali. Jiya an kawo wuta, sai da magariba na lura.

Yau na ciro sauran. Na huɗu kiɗan noma ne. Na biyar waƙoƙin biki ne, waɗanda nake so, waɗanda Malam yake cewa suna sa masa ciwon kai. Ashe yana nan a ciki duk tsawon lokacin nan. A bayansa ga shatin babban yatsansa, baƙi da man babur, shi da ke hana kowa taɓa wajen mai sheƙi. Na yi dariya ni kaɗai, har na ji kunya.

Ban goge ba. Na naɗe shi na sa a jakar tafiya. Muslimat ta ce rediyon gidanta faifai ɗaya yake ɗauka. Ba wai na ce zan je ba.