Hular Kyaftin Baudilio

Litinin, 8 ga Janairu

Baƙi uku daga Florida. Sun yi ta kama bela, kifin nan mai dogon baki da tuta a baya, ni kuma ina ta cire ƙugiya ina sakin su har hannuna ya yi tsami. Ɗaya ya yi min amai a takalmi.

Da muka dawo tasha, kyaftin ɗinmu, aminina kompadre Baudilio, ya sauko daga wurin tuƙi ya ajiye hularsa baki sama a kan akwatin ƙanƙara, ni kuma na juya baya na kama ɗaure igiya. Haka ake yi a Iztapa tun kafin a haife ni. Ma'aikacin jirgi ba ya kallon hannun baƙo, ba ya miƙa nasa. Wanda ya kalla maroƙi ne. Baƙo ya sa abin da zai sa a hular ya tafi, kyaftin ya raba biyu.

Rabona na yau bai kai kuɗin kaza ba. Mutanen da agogon hannunsu zai sayi gidana har da kare. Kompadre ya ce zamani ne, masu kuɗin yanzu sun fi talaka maƙo.

Alhamis, 11 ga Janairu

'Yata Yesenia ta dawo daga Escuintla da akwatinta. Karatun jinya ya tsaya. Albashin jirgi na wake da masara ne kawai, kyautar baƙi ce ke biyan makaranta, ita kuma shekara biyu ke nan tana ƙanƙancewa. Na ce mata zuwa baɗi. Ta ce ba komai Baba, ta ninke farar rigarta ta sa a ƙasan akwati. Da ma ta yi kuka, da ya fi min sauƙi.

Herminia ta ba ni abinci ba ta ce uffan ba. Matata in ta yi shiru, gara tsawa.

Lahadi, 21 ga Janairu

Na wuni a kan rufin gidan kompadre muna buga sabon kwano. Ya ce surukinsa ne ya aiko kuɗi daga Amurka. Na taya shi murna, har na tsokane shi cewa yanzu ruwa zai daina zubo masa a sanƙo. Matarsa ta dafa mana miyar kifi da ayaba.

Ya tambayi labarin Yesenia. Shi ya riƙe ta a coci ranar baftisma, shi ya sa muke ce wa juna kompadre, dole abin ya dame shi. Ya girgiza kai ya ce, "Wallahi Lalo, da ina da shi, da yarinyar nan ba ta kwana a gida ba." Sai da ni na koma ina ba shi haƙuri.

Talata, 6 ga Fabrairu

Don Harlan ya zo, tsohon nan na Texas da ke zuwa mana kowace shekara. Ya ƙara ranƙwafawa. Ya buɗe hannu zai rungume ni, na ba shi gefen kafaɗa na ci gaba da ɗinke kifin koto a ƙugiya.

Ban manta ba. Bara kifinsa ne ya tsaga min tafin hannu da baki, har yau yatsuna biyu ba sa lanƙwasuwa. Ina kwance a gida kompadre ya kawo min abin da tsohon ya bari, ko kuɗin ɗinki bai kai ba. Ya ce shi ma kunya ta kama shi.

Don haka yau ban yanka masa mangwaro ba, ban yi masa waƙar da nake yi in kifi ya ci ba. Da ya nemi ruwa na nuna masa akwatin da haɓa. Ya yi ta kallona kamar karen da aka kora daga kicin. Ya sha.

Laraba, 7 ga Fabrairu

Ban san ta ina zan fara ba.

Da tsakar rana kifi ya daina ci, kompadre yana sama yana hira a rediyo da wani jirgi. Don Harlan ya matso ya kama hannuna ya juya shi yana duba tabon. Da ɗan gurgun Sifaniyancinsa ya ce min ya san kuɗi ba ya mayar da yatsa, amma ya zaci abin da ya bari zai kai ni wurin likitan ƙashi a babban birni. Ya ce in bai isa ba ne, me ya sa ban aika masa ba?

Na ce wane abin?

Ya faɗi adadi. Ba zan rubuta shi ba. Ya ce bayan ya sa na kullum a hula, ya ƙara wannan daban, ya ce wa kyaftin na hannun Lalo ne. Ya ce ai kowace shekara ma yana ƙara wani abu saboda yarinya mai karatun jinya, tunda kyaftin ne ya ba shi labarinta.

Kyaftin ne ya ba shi labarinta.

Na ce masa ya isa, Don Harlan, na gode, hannu ya warke. Na shiga ciki na yanka masa mangwaro. Wuƙar ta kusa cin ragowar yatsun.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Na hau wa kompadre da kofi da safe kamar kullum, sukari cokali biyu. Ya ce, "Allah ya bar mu tare, kompadre." Na sauko.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Da safe muna loda ƙanƙara, babu kowa a tasha sai mu, na tambayi kompadre. Ban ɗaga murya ba. 

Da farko ya ce tsoho ya rikice, ya fara mantuwa. Sai ya ce to ai shi ne yake nemo baƙi, shi yake jin Turanci, shi mai jirgi yake zagi in ba a kama kifi ba, raba daidai ɗin nan tun farko alheri ne yake min. Sai ya zauna a bakin akwatin ya cire hular yana juya ta a hannu.

"Kai ba ka iya riƙe kuɗi ba, Lalo, kowa ya sani. Ajiye maka nake yi."

Na ce, "A kan rufinka?"

Sai ya tuna min ranar da igiyar ruwa ta jefa ni a bakin kogi, shi ya faɗa ya jawo ni da gashi. Gaskiya ne, ya jawo ni. Tun muna yara muke satar kwakwa tare, ni a sama shi a ƙasa yana tara. Sai yau na tuna cewa ko a lokacin shi yake rabawa.

Baƙi suka iso. Ya sa hularsa ya hau sama, na kwance igiya.

Abin da ya fi ci min rai ba kuɗin ba ne. To, har da kuɗin, kada in yi wa kaina ƙarya. Amma mutumin nan ya tsaya yana kallo na tsani tsohon da bai min komai ba sai alheri. Ya tsaya yana kallo na ɗauki 'yata daga makaranta. Ya ba ni guduma na buga masa kuɗin hannuna a kan gidansa, ina yi ina raha.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Na faɗa wa Herminia. Ta ajiye ƙullun masara ta ce za ta je ta cire kwanon nan ɗaya bayan ɗaya da haƙorinta. Na riƙe ta. Ta ce in bar jirgin. Na ce in je ina? Wane kyaftin ne zai ɗauki mai furfura da yatsu takwas, ga samari suna layi a tasha? Kuma in na tona, a nan ba za a ce Baudilio ya ci amana ba, cewa za a yi Lalo ya bi baƙo yana tambayar abin da ya sa a hula.

Ta ce, "To ka ci gaba da ba shi bayanka, tunda shi ya fi so."

A coci ya zauna a layin gabanmu. Da aka ce a yi wa juna sallama ya juyo ya sumbaci Yesenia a goshi. Ba ta san komai ba, ta ce masa Baba Baudilio yaya ƙafa. Daga ƙofar coci ana hango rufin, yana ƙyalli har yana kashe ido.

Juma'a, 16 ga Fabrairu

Rana mai kyau. Teku a kwance. Mata da miji daga Kanada, matar ta fi mijin ƙarfin hannu, na yi ta tsokanarsa yana dariya. Mun kama kifin dorado biyu, na ba su ɗaya aka soya musu a otal. Ana buƙatar sabon bututun wanke jirgi. Yesenia ta ce ana karɓar masu komawa makaranta a watan Yuni, na ce ta fito da rigar ta shanya.

Ba wani abu kuma.

Sai dai da muka dawo tasha na riga na ɗaure igiya tun kafin kompadre ya sauko, ban san me ya sa na yi sauri ba. Ya ajiye hular. Ba ni da abin da zan juya in yi, sai na tsaya. Mijin ya buɗe jakarsa, ya ga ina kallo, ya ɗan ji nauyi, ya sa ya wuce. Masu wankin jirgin da ke kusa da mu sun gani, ɗaya ya zunguri ɗaya. Gobe duk Iztapa za ta ji.

Rabona ya yi kauri, irin na da.

Da kompadre ya miƙo min, idonsa ya cika da ruwa, ya ce a hankali, "Haba, kompadre. Har ta kai haka?"

Na karɓa na ce na gode, Kyaftin.