Mutumin da ya ja aka karya ƙafar yayana zai zo neman yafiya

Assalamu alaikum 'yan group. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma masu saurin wa'azi ina roƙonku ku karanta har ƙarshe kafin ku fara jefo mini comment.

Ni mace ce, na manyanta, ina zaune a Kazaure, asalinmu wani ƙauye ne a ƙasar Roni. Ina 'yar budurwa lokacin da kuɗin fetur ya fara shigowa, kullum rediyo na cewa ƙasa ta yi arziki, mu kuwa gyaɗa ta daina yi mana kyau, takin zamanin da aka ce an aiko wa manoma sai dai mu hango motarsa tana wucewa. Yayana Iliya ne ke riƙe da gidanmu tun rasuwar Baba, manomi ne mai ƙarfi, ya sauke Alƙur'ani, amma boko ko sunansa ba ya iya karantawa.

Akwai wani ɗan garinmu da ya yi sakandare, Allah ya ba shi baki, ba zan faɗi sunansa ba, Mai-lasifika muke ce masa. Shi ya bi kasuwa kasuwa, daga Roni zuwa Gwiwa har Babura, yana tara manoma a fito zanga-zanga a Kazaure. Da aka fara, magana ɗaya ce, a ba mu taki, ni kaina na bi mata mun kai musu fura da ruwa, wallahi har kuka na yi don daɗi da na ga titi ya cika da mutanenmu. Kafin a ankara sai maganar ta koma a sauke shugaban ƙaramar hukuma. Yaya ya tambayi Mai-lasifika ina batun taki, ya ce masa ai sai an cire mutumin takin zai fito. Daga nan kuma aka fara kiran sunan wanda za a ɗora, wanda dama ubangidan Mai-lasifika ne. Sai ya karɓe kwalayen da mutane ke ɗagawa, ya raba wasu da aka rubuta da Turanci, wai 'yan jarida za su zo daga Kano kuma ba sa ɗaukar Hausa. Yaya ya karɓa ya ɗaga sama da hannu biyu, a ransa taki yake nema.

Da 'yan sanda suka iso, masu kwali suka fara bi. Suka tumurmushe Yaya, suka karya masa cinya, sai a ofishinsu ne aka fassara masa abin da ya yini yana ɗagawa, zagin wani babba ne da neman kujera, ko kalmar taki babu a ciki. Shi kuwa Mai-lasifika a lokacin yana cikin ofishin ƙaramar hukuma ana tattaunawa da shi. Ba a daɗe ba ya zama kansila, daga baya ma aka sa shi a kwamitin rabon takin, ku ji fa. Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa amma ƙafar Yaya a karkace ta warke, noma ya gagare shi, ya ƙare rayuwarsa a ƙofar gida yana tufka igiya. Mutumin nan ko dubiya bai taɓa zuwa ba, sai dai ya wuce mu a mota ya ɗaga hannu. Har Yaya ya rasu ban taɓa jin ya ce ya yafe ba, idan an ambaci sunan ma sai ya juya fuska. Ni kuma na tsane shi, ba zan ɓoye muku ba.

To yanzu ya tsufa, ciwo ya ci shi, zai tafi aikin hajji, yana bin gidaje yana sallama da neman yafiya kamar yadda aka saba. Ya aiko cewa ranar Juma'a bayan an sauko zai zo gidana tare da liman da dattawan unguwa, tunda ni kaɗai na rage a ɗakinmu. Kun san yadda abin yake a wajenmu, ba a taɓa cewa a'a a gaban liman, da an ce a yafi juna sai kowa ya ce ya yafe duniya da lahira. Shi ma ya sani, shi ya sa ba zai zo shi kaɗai ba. Har yau dai yana nan da halinsa na tara jama'a ya shige bayansu.

Mun yi faɗa sosai da ɗana babba a kan wannan. Ya ce mai tafiya ɗakin Allah ba a mayar da shi, kuma zan ja musu abin kunya a gari, wai matasa ma uban gwagwarmaya suke kiran mutumin. Na ce masa shi ba shi ya riƙa ɗaga kawunsa zuwa bayan gida ba, don haka ya rufe mini baki. Tun daga ranar nan, gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Idan na ce na yafe na yi ƙarya a gaban liman, don zuciyata ba ta yafe ba. Idan na ƙi, a ce tsohuwa ta wulaƙanta maniyyaci, 'ya'yana su kwana da abin. Na yi tunanin in tafi Babura wurin 'yata su tarar da gida a rufe, amma a kan me zan gudu daga gidana saboda shi?

Ku gaya mini abin da zan yi kafin Juma'a. Wanda kuma zai ce in yafe, don Allah ya fara bayyana mini ko ina da ikon yafe ƙafar da ba tawa aka karya ba, mai ita yana kabari.