Ƙasusuwan Yat-fung Za Su Haye Ruwa

Cairns, watan uku, 1936

Zuwa ga Yaya Mui-kwai, matar marigayi wana,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan gonar shinkafa ta yi kyau. Ina sanar da ke cewa an tono ƙasusuwan Yaya Yat-fung kamar yadda al'ada ta tanada. Na wanke su da hannuna, na naɗe cikin farin ƙyalle. Ranar da zai cika na yi masa alkawarin zan kai shi garinmu Toishan da kaina. Sai dai likita ya ce zuciyata ba za ta jure tafiyar teku ba. Ina roƙon ki ƙara haƙuri zuwa baɗi.

Ƙaninki, Kwong Yat-sing

Toishan, watan biyar

Ƙane na Biyu,

Muna lafiya. Baɗi kuma? Haka yayan naka ya ce mini yana ɗaure kayansa ranar da zai bar gida, ga shi yau duk haƙorana sun zube. Mai rubuta mini wasiƙar nan dariya yake, ni kuwa da gaske nake. Ka sa shi a akwati ka ba jirgi, yadda kowa ke yi. Na yafe maka alkawarin. Haruffa huɗun nan na cika alkawari da mahaifinku ya rataye a zaure ba su ce mutum ya kashe kansa ba, tsoho mai taurin kai! Idona na dushewa. So nake in ga tulun ƙasusuwansa a kan tudun kaburburanmu tun ina gani.

Mui-kwai

Cairns, watan bakwai

Yaya mai daraja,

Na gode, amma ba ke na yi wa alkawarin ba, shi kuwa ba ya da bakin yafewa. Kin sani mamaci ba ya haye ruwa sai an kira sunansa an ce masa ya biyo. Wa zai kira shi a ɗakin kayan jirgi? Akwatin zai iso hannunki, shi yana nan cikin gonakin rake yana neman hanya. A nawa karatun, haruffan nan nufinsu a isar da abin da aka ɗauka gaba ɗayansa.

Ki gafarta mini.

Yat-sing

Hong Kong, watan tara

Yaya,

Mun haye teku, ni da shi. Saura kogin garinmu, muryata kuwa ta kusa ƙarewa don kiran sunansa. Ina roƙon dangi baki ɗaya su ba ni haɗin kai: kada a buga ganga, kada a yi kuka a bakin kogi har kwalekwale ya taɓa gaɓa, domin ya ji ni.

Idan na kasa, ki kira shi ke.

Yat-sing