Taku Arba'in

Talata, 5 ga Maris

Mun samu ɗaki. Bev, manajar kulob ɗin unguwa, ta ba mu na baya kyauta, duk Talata ƙarfe biyar. Sai dai dole a ratsa zauren injinan caca kafin a kai. Na ƙirga, taku arba'in ne. Ni ban ga aibu ba. Ai abin da nake koya wa matasan nan masu son barin caca ke nan: sha'awa takan taso, ta yi ƙarfi, ta kwanta in ka daure. To ga wurin gwaji a ɓagas.

Talata, 12 ga Maris

Mutum shida. Har da Tahlia, wadda na koya wa lissafi a sakandare. Injinan ne suka kama ta, amma wata guda ke nan rabonta da su. Ta ce ta gwada wata ƙungiya, aka ce ta miƙa lamarinta ga wani iko da ya fi ta. Ita kuwa ba ta da addini, kamar ni, sai ta ji ƙarya kawai take yi. Na ce nan ba addu'a, allo ne da alli: me caca ke ba ki, me take ƙwacewa.

"Har yanzu kai da allo, Malam? To ba mu aikin gida mana."

Na kuwa ba ta.

Talata, 19 ga Maris

Tahlia ta shigo tana gumi, hannu cikin aljihu. Na yaba mata a gaban kowa, na ce kun gani ko, taku arba'in ba komai ba ne. Ba ta yi dariya ba. Gajiya ce, ina jin.

Talata, 26 ga Maris

Ba ta zo ba.

Alhamis, 28 ga Maris

Ashe ta zo. Bev ta ce biyar saura ta shigo, ta tsaya a inji na uku. Ni ina can ciki ina ja layi a allo.

Asabar, 30 ga Maris

Na same ta a gidan burodin da take aiki. Na fara bayanin cewa komawa sau ɗaya ba ta goge sati shida, ta ce ta sani, ni na koya mata, kuma allon yana mata amfani.

"Kai taku kake ƙirgawa, ni kiɗan injinan nake ji. Ka taɓa sa ko dala ɗaya a ciki?"

Ban taɓa ba. Ta ba ni burodi, ta kira na bayana.

Talata, 2 ga Afrilu

Mun koma rumfar gashin nama ta filin ƙwallo. Na gaya wa Bev ɗakin ne ya cika zafi. Akwai zafin kam, ba ƙarya na yi ba. Ƙudaje, ga iska ta kayar da allon sau biyu.

Biyar da kwata sai ga Tahlia. Ta haye kan tebur ta zauna, ta ce, "Yau taku nawa ne, Malam?"

Na ce ban ƙirga ba. Na miƙa mata allin.