Abin da Aku Ba ta Gani Ba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo miki gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayar da ta goye ta, tare da roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah ya sauƙaƙa miki wahalar aikin da ya kai ki nesa da mu, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya dawo mana da ke lafiya. Mu nan mun gode Allah. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zagaya tsakar gida tana neman wanda za ta yi wa faɗa, kuma ba ta rasawa. Baban yara yana nan da aikinsa, yaran kuma sai ci da ɓarna.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wadda kuke waya da ita kusan kullum. Na sha ɗaukar wayar da niyyar faɗa miki, sai in fasa. Ga shi 'yarki da zarar ta ji muryarki sai ta manne a jikina, ba halin in ce komai. Yaya, ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa. Aku tana nan da ranta, tana ci tana sha, tana surutun nan nata da ya sa Inna ta laƙa mata sunan. Maganar idonta ce, kuma tsoro nake ji ƙwarai. Bari in ɗauko miki daga farko, domin ta wurin aikina abin ya fito.

Kin tuna na ba ki labarin littattafan da aka kawo mana makaranta domin 'yan aji biyu, masu manyan hotuna, rubutun kuma gajerun baitoci ne masu amsa-amo kamar waƙa. Ni dai tun da na fara koyarwa ban taɓa samun abin da ya kama yara irinsu ba. Nakan zaunar da su a tabarma a gaban allo, in ɗaga littafin sama, in karanta baiti, in na zo kalmar ƙarshe sai in yi shiru su cike da kansu. Ki ga yaron da ko sunansa ba ya iya faɗa da ƙarfi yana miƙewa yana ihu da kalmar. A kan kowace kalmar ƙarshe muna tafi ɗaya, har malamar ajin da ke kusa da mu ta kai ƙarata wurin shugabar makaranta, wai na mayar da aji gidan biki. Shugaba da ta zo ta gani da idonta, ita ma tafin ta kama.

A duk ajin babu kamar Aku. In na miƙa mata littafi sai ta tsaya ƙyam, ta buɗe shafi, ta zubo baitocin ba gargada, ta juya shafi daidai inda ya kamata. Kaina ya yi girma, ba zan ɓoye miki ba. Na riƙa ce wa sauran yara su yi koyi da ita, in baƙi sun zo duba makaranta ita nake tsayarwa. Duk muryoyin nan da nake ɗauka a waya ina tura miki, waɗanda kika ce kina saurara a hanyar zuwa aiki, daga nan suke. Abin da ban lura da shi ba shi ne, ni da bakina nake ba ta karatun. Ina da ɗabi'ar maimaita darasin gobe da ƙarfi a kicin ina yanka albasa, don kada harshena ya sarƙe a gaban yara, ita kuma tana zaune a bakin ƙofa tana ji. Kin san kan 'yarki, abin da ya shiga kunnenta ya shiga ke nan.

Kwanakin baya aka tara mu malamai a wani taron ƙara wa juna sani. Wata dattijuwar malama da ta daɗe a aikin ta ja mana kunne cewa littafi mai amsa-amo yana da daɗi amma yana ruɗin malami, domin yaro zai iya rera shi tun daga bango har bango bai fahimci komai ba. Ta ce mu riƙa tsayawa muna tambaya, musamman abin da mai zane ya sa a hoto amma baitin bai ambata ba, nan ne za mu gane wanda yake bin labarin da wanda yake bin kiɗan kawai. Ina zaune ina gyaɗa kai, a raina ina lissafa yaran da za su faɗi wannan gwajin. Ko kusa sunan Aku bai zo mini ba.

Da na koma aji sai na ɗauko littafin kyanwa, wanda suka fi so. Akwai shafin da yake cewa, "Kyanwa ta hau katanga, ta leƙa ta taga, ta ce kai, me zan ga!" Baitin bai faɗi abin da ta gani ba, hoton ne yake nunawa: wani ɓera ne ya miƙe ƙafa yana barci a cikin takalmi, ga shi nan ƙato a tsakiyar shafi. Na kira Aku don ta nuna wa sauran yadda ake yi. Ta rera baitin tsaf. Na tambaye ta me kyanwa ta gani. Sai ta karkata kai gefe kamar yadda ta saba, can ta ce madara. Ajin ya kwashe da dariya. Na ɗauka wasa take yi, na ce ta duba da kyau. Ta kawo littafin har ya kusa taɓa hancinta, ta ce kifi. Raina ya ɓaci, na ce ta koma ta zauna tun da iya shege ta zo yi mini a gaban yara. Ta zauna ba ta yi kuka ba, amma har aka tashi ba ta sake buɗe baki ba.

A hanyar gida abin ya riƙa cin raina. Bayan la'asar na kira ta ɗaki, na rufe ƙofa, na ba ta littafin na ce ta karanta mini, ni zan riƙa juya mata shafi. Da muka yi nisa sai na haɗa shafi biyu na juya tare. Yaya, yarinyar nan ta ci gaba da baitin da ke biye a kanta, tana bin layi da yatsa, alhali shafin da ke gabanta wani ne daban. Na ɗauko wani littafin da ba ta taɓa jin na karanta ba, mai manyan baƙaƙe, na ɗora mata a cinya. Ta juya kai nan, ta juya can, ta kasa fitar da ko kalma ɗaya. Na karɓi littafin na ajiye.

Na lallashe ta na ce ba dukanta zan yi ba, ta gaya mini abin da take gani. Ta ce duk abin da ta kalla kai tsaye, tsakiyarsa sai ya zama kamar an shafa masa toka, amma gefe-gefe tana gani. Shi ya sa take karkata kai. Wannan kallon gefen da muke mata tsiya a kansa, Inna tana cewa kallon raini ne ta gado a wurinki, ashe neman fuskarmu take yi. Na tambaye ta tun yaushe, ta ce ba ta sani ba, amma da tokar ƙarama ce, yanzu ta ƙara faɗi. Na ce me ya hana ta faɗa. Ta ce ta ɗauka kowa haka yake gani, da ta gane ba haka ba ne kuma sai ta ji tsoron in daina ɗaukar muryarta ina tura miki.

Washegari na nemi izini a makaranta, ni da Baban yara muka kai ta asibitin ido. Ina ta addu'a a zuciyata a ce tabarau ne kawai, mu saya mu dawo gida ana mata tsiyar ta zama malama. Likitar mace ce mai haƙuri. Ta gwada mata gilasai iri-iri, babu wanda ya canza komai. Ta ɗiga mata magani, muka jira, sannan ta haska cikin idon ta daɗe tana dubawa, ta duba ɗayan ma haka. Da ta gama sai ta ce Baban yara ya fita da Aku ya saya mata abin sha. Tun daga nan na san ba maganar tabarau ba ce. Ta ce matsalar ba a gaban idon take ba, a can bayansa ne inda hoto yake sauka, kuma irin wannan tabarau ba ya gyara shi. Ba za ta yanke hukunci ba sai an yi wani gwaji a babban asibiti. Na tambaye ta kai tsaye ko yarinyar za ta makance. Ta ce ba ta ce haka ba, da yawa masu irin wannan suna riƙe ganin gefe har girmansu. Na ce to zai tsaya a inda yake. Ta ce wannan ma ba za ta iya yi mini alkawari ba.

Ta kuma tambaya ko akwai mai irin wannan a dangi, ta wajen uwa ko ta wajen uba. Namu na sani, ban san kowa ba. Na wajen marigayi babanta kuwa ke kaɗai za ki iya faɗa. Don Allah ki zauna ki tuna, ko akwai wanda aka ce idonsa ya raunana tun yana yaro, ko wanda aka cire daga makaranta aka ce ba ya ganewa. In akwai wadda kike jin nauyin tambaya a cikinsu, ki ajiye nauyin ki tambaya. Likitar ta ce ta fi son uwar yarinya tana nan ranar gwajin, domin akwai shawarwarin da ba ƙanwar uwa ce za ta yanke su ba.

Ban gaya wa Inna ba tukuna, kin san hawan jininta. Na ce mata tabarau muka je nema ba a samu daidai ita ba. Ta ce dama yaran yanzu duk waya ta cinye musu ido. Na bar ta a haka, amma ba zan iya riƙe wannan ni kaɗai na daɗe ba.

A aji kuwa na rasa yadda zan yi da kaina. Har yanzu ina ɗaga littafin, yara suna tafi, amma ni yanzu tafin tsoro yake ba ni. Ina bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya ina tunanin wa kuma yake ɓuya a cikin waƙar. Na daina yarda da baki mai zuba. Kowane yaro sai na kira shi gefe, na buɗe masa shafi daga tsakiya, na ce ya nuna mini da yatsa wanda yake magana a hoton, ya faɗa mini me ya sa, me kuma yake zaton zai faru a gaba. Na samu wasu da ba su fahimtar labarin, waɗannan aikina ne, na san yadda zan yi da su. Aku kuwa labarin duk yana kanta. In na bayyana mata hoton da baki, ita ce ta farko da za ta gaya mini dalilin da ya sa kyanwa ba ta kama ɓeran ba. Nakan sa wata ƙawarta ta zauna kusa da ita tana raɗa mata abin da ke shafin, kuma na fara rubuta mata baitoci da manyan baƙaƙe a bayan kwali, tana karantawa da gefen ido a hankali. Jiya ta haɗa kalma ɗaya da kanta, ba daga ka ba. Na fita bayan aji na yi kukana na wanke fuska na dawo.

Yaya, na san yadda kika sha wahala kafin ki samu aikin nan, na kuma san ba a ba ku hutu yadda kuke so. Ban taɓa ce miki ki baro shi ki zo ba, ko lokacin da Inna ta kwanta. Yau ina cewa. Ki je wurin shugabanki ki faɗa masa gaskiya, ki roƙe shi, in ta kama ki yi masa kuka. Ban san saurin abin nan ba, likita ma ba ta sani ba, kuma ba na so mu tsaya jiran hutun ƙarshen shekara.

Inna tana gaishe ki, ta ce ki rage aikin dare. Baban yara yana gaisuwa, shi ma ya ce in gaya miki duk ranar da kika sa zai je ya tarbo ki. Kawu Dogo da iyalinsa suna gaishe ki, haka Goggo ta bayan layi, da maƙwabciyarmu mai ɗinki da kullum sai ta tambaye ki. Yarana suna gaida Umman Aku. Ki gaida abokiyar zamanki da duk wanda yake kyautata miki a can.

Aku ta san ina rubuta miki. Da farko ta roƙe ni kada in faɗa, na ce mata uwa ba a ɓoye mata irin wannan. Ta tambaye ni ko za ki zo. Na ce in Allah ya yarda. Sai ta ce akwai abin da take so in yi mata, amma kada in gaya wa kowa, ni kuwa ga shi ina gaya miki don ki shirya zuciyarki. Ta ce ranar da za mu je tarbarki mutane za su yi yawa, kuma tana tsoron ki fito ki tsaya a gabanta ba ta gane ki ba, ki ji haushi ki ɗauka ta manta da ke. Ta ce in riƙe hannunta, in na hango ki sai in matsa shi, in juya ta ta fuskanci inda kike, ita kuma za ta ruga da gudu kamar ita ta fara ganinki. Na yi mata alkawari. In ta rugo, Yaya, ki durƙusa ki buɗe hannu, kada ki nuna kin sani.

Allah ya kawo ki lafiya, ya sa mu ji alheri.

Taki har kullum,
Ƙanwarki, Malama