Kada a Tashe Ta Saboda Ni

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin naki, ya ƙafar? A gaishe min da Baba da Yaya.

Ni lafiyata lau. Aikin gugar ba wuya, sai dai tsayuwa. Ɗakin ne kawai shiru ya yi masa yawa.

Na ji ɗiyata, takwararki, ta daina barcin safe. Girma ne ya zo, Allah ya raya mana ita. Ki riƙa ba ta abincin rana da sha biyu, kafin ta fara murza ido, don in barci ya kama ta, ture cokali take yi.

Na sani, yanzu barcinta na rana ya faɗo daidai hutuna na minti ashirin. Kwana shida ke nan ina kira tana kwance. Yaya ta ce za ku riƙa tashinta mu gaisa. Wallahi Inna ban yarda ba. Ki dai ajiye wayar kusa da kanta, ki ci gaba da aikinki. Ni kaɗai nake cin abinci a bayan injin wanki, numfashinta ya ishe ni hira.

Allah ya saka miki da alheri.

Autarki